Matakalar da Keken Guragu Ba Ya Hawa: Nazari kan Gidan Anne Frank na Amstadam

A birnin Amstadam na ƙasar Holan, a bakin mashigin ruwan da ake kira Prinsengracht, akwai gida mai lamba 263 wanda mutane kimanin miliyan 1.3 suka ziyarta a shekarar 2019 kaɗai. Ba kyan gini ne ke kawo su ba. 'Yan ɗakuna ne a can bayan gidan, inda Yahudawa 8 suka ɓuya wa 'yan Nazi har kwana 761, cikinsu da yarinyar nan Anne Frank wadda kundin rubutunta ya zagaye duniya. Mai keken guragu ba ya shiga waɗannan ɗakuna. Babu mai tsayawa a ƙofa ya ce masa kada ya shiga, matakala ce ke mayar da shi. Masu kula da gidan ma ba su rufe maganar ba. A shafinsu na intanet, inda ake sayen tikiti, sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa tsohon ginin da maɓoyar ba sa shiguwa da keke, sabon ɓangaren ne kaɗai ke shiguwa, kuma duk wanda tafiya ke ba shi wahala zai sha fama da matakalu masu miƙewa.

Wanda ya ji haka daga nesa zai ce sakaci ne. Gida mai wannan suna, a ƙasa mai wannan arziki, a ce lifta ɗaya ta gagara? Lamarin ya fi haka ɗaure kai. Matsala ce da ke gaban duk wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi, sai dai a nan ta fito fili fiye da ko'ina.

Yadda ginin yake

An gina gidan a 1635, lokacin da kasuwanci ya buɗe wa Amstadam har birnin ya riƙa haƙa sababbin mashigan ruwa yana yanka filaye a bakinsu. Filayen sirara ne, masu tsada, don haka magina suka riƙa miƙewa sama da baya maimakon gefe. In gida ya yi zurfi da yawa tsakiyarsa ba ta samun haske, sai aka saba gina gida biyu a fili ɗaya, na gaba da na baya, da ɗan tsakar gida a tsakani da wani lungu da ya haɗa su. Gidan bayan da ake magana a kai an rushe shi an sake gina shi a 1739. Matakala kuwa ba a ba ta wuri a irin waɗannan gidaje. Ana tsuke ta a miƙar da ita har ta kusa zama tsani. Shi ya sa gidajen birnin suke da ƙugiya a can saman fuskarsu, wadda ake jan kaya da igiya a shigar da su ta taga, don gado ko kabad ba ya bi ta matakala. Inda maginin da kansa ya san gado ba zai hau ba, ba sai an faɗi makomar keke ba.

A watan Disamba na 1940 Otto Frank, mahaifin Anne, ya mayar da kamfanoninsa biyu, Opekta da Pectacon, zuwa wannan gida. Ƙasa sito ne, hawa na farko ofisoshi, samansu ɗakunan ajiya. Ranar 5 ga Yuli 1942 takarda ta iso ana kiran Margot, yayar Anne, zuwa sansanin aiki a Jamus. Washegari iyalin su 4 suka shige gidan baya. Bayan mako guda iyalin van Pels su 3 suka same su, a watan Nuwamba kuma likitan haƙori Fritz Pfeffer ya zama na 8. A Agustan wannan shekara Johan Voskuijl, wanda ke kula da siton, ya ƙera kabad ɗin littattafai mai juyawa wanda ya rufe ƙofar maɓoyar. Ranar 4 ga Agusta 1944 aka kama su duka. Otto kaɗai ya dawo da rai.

Bayan kamun an kwashe kayan ɗakunan, kamar yadda ake yi wa gidajen Yahudawan da aka tafi da su. A tsakiyar shekarun 1950 saura ƙiris a rushe ginin, sai mutanen gari suka tashi, aka kafa gidauniya a 1957, aka buɗe gidan tarihi ranar 3 ga Mayu 1960. Otto ya nemi a bar ɗakunan wayam yadda aka bar su, don su nuna giɓin da miliyoyin da ba su dawo ba suka bari. Wannan shawara tasa tana da muhimmanci ga batunmu fiye da yadda ake zato.

Hanyar da baƙo ke bi

Yau ana shiga ne ta sabon gini da ke dandalin Westermarkt, kusa da cocin Westerkerk. Nan ƙasa shimfiɗe take, keke yana tafiya. Baƙo ya karɓi na'urar sauraro, ya ratsa siton, ya hau zuwa ofisoshin da Miep Gies, Bep Voskuijl, Johannes Kleiman da Victor Kugler suka yi aiki, waɗanda su ne suka riƙa ciyar da mutanen ɓoye. Daga nan wata matakalar, sai ɗan fili inda kabad ɗin yake tsaye a buɗe.

A wannan ƙofa ya kamata a tsaya a duba da kyau. Mai shiga sai ya ɗaga ƙafa ya taka mataki mai tsayi, ya kuma sunkuyar da kai a lokaci guda, domin ƙofar gajera ce. Anne ta rubuta cewa a kwanakin farko bayan an kafa kabad ɗin kowa yana yawo da ƙulu a goshi saboda buga kai, har sai da Peter van Pels ya cusa dusar katako a ƙyalle ya buga shi a saman ƙofar. Da an wuce nan, ga wata matakala a gabanka mai tsananin miƙewa zuwa hawa na sama, ga lungu zuwa ɗakin Otto da matarsa Edith da Margot. Gaba da shi ɗakin da Anne ta kwana tare da Pfeffer, mai faɗin kimanin mita 2. Sai ɗan makewayi. Sama kuma ɗakin van Pels, wanda shi ne kicin, shi ne falo, shi ne ɗakin kwanansu, sannan ɗan ɗakin Peter inda tsanin hawa ƙarƙashin rufi ya cinye tsakiyarsa. Wannan ɗaki na ƙarƙashin rufi a rufe yake ga kowa, madubi aka jingina don a hango shi daga ƙasa.

Tunda ɗakunan wayam suke, me mutum ya zo gani? 'Yan abubuwa ne a bango: hotunan 'yan fim da 'ya'yan sarauta da Anne ta liƙa, layukan fensir da iyayen suka riƙa ja don auna tsawon 'yan matan, da ƙaramar taswirar yankin Normandi na Faransa inda Otto ya riƙa soka allura yana bin ci gaban sojojin ƙawance. Sauran duka ƙunci ne. Kafaɗa tana gogar bango, daɓen katako yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, mutum yana tuna cewa waɗanda suka zauna nan ba sa iya yin tari da ƙarfi ko sakin ruwan makewayi a wasu lokuta, don kada ma'aikatan sito su ji. A gidan tarihin da ke baje zane-zane, matakala hanya ce kawai ta isa wurin zanen, kuma in an maye gurbinta da lifta babu abin da aka rasa. A nan matakalar da ƙofar da ƙuncin su ne kayan tarihin. Abin da ke hana mai keke shiga shi ne ainihin abin da aka zo gani.

Dabarun da ba su yi ba

Gangara ce ke fara zuwa ran mutum. Ƙa'idar da magina suka fi bi ita ce, duk tashin mita 1 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 12 in ana so mai keke ya tura kansa ba tare da ya zame baya ba. A ce tsakanin hawa da hawa mita 3 ne, gangarar mita 36 ke nan, ban da wuraren hutawa da za a sa a tsakani. Na hawa ɗaya ke nan, alhali maɓoyar tana hawa na biyu da na uku. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Lifta ta fi cancantar muhawara. Akwatin lifta da ake ɗauka ya wadatar da mai keke da ɗan rakiyarsa yana da faɗin mita 1.1 da zurfin mita 1.4, ramin da zai bi kuma ya fi haka girma. Keke yana son fili mai faɗin mita 1.5 kafin ya juya. In a cikin gidan baya za a sa ta, sai an huda daɓe hawa-hawa, an yanke ginshiƙan katako, an cinye rabin wani ɗaki daga cikin 'yan ɗakunan da ba su taka kara sun karya ba. In daga waje za a jingina ta, sai an fasa bango an mayar da taga ƙofa, tagogin nan kuwa da aka lulluɓe su dare da rana su ne rabin labarin. A ce ma an yi hakan. Mutum ya iso sama ta baya, bai bi ta kabad ba, ya tarar da ƙofofi da lunguna da kekensa ba zai wuce ba. An yi ɓarna, an kai shi bakin ɗaki ɗaya.

Kujerar lantarki mai bin gefen matakala tana son matakala mai ɗan faɗi, tana son mutumin da zai iya sauka daga kekensa ya hau ta, tana kuma son wani keken yana jira a sama. In tana tafiya ta toshe hanya ɗaya tilo da ake bi. A raba miliyan 1.3 a kan kwanakin shekara, mutum sama da 3,500 ke nan kowace rana, duk ta wannan matakala.

Saura ɗauka a hannu, wadda masu kyakkyawar niyya kan yi saurin kawowa. Keken lantarki shi kaɗai yakan kai kilo 100 ko fiye. Ko an bar keken an ɗauki mutumin, a matakalar da mai lafiya ke riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, faɗuwar mutum ɗaya faɗuwar duk na ƙasa da shi ce. Hawa ma ba shi ne babbar damuwa ba. In gobara ta tashi a tsohon gida mai daɓe da matakalar katako, wa zai sauko da shi, ta ina, cikin minti nawa? Sannan masu nakasa da yawa sun daɗe suna faɗin cewa a sunkuce su kamar kaya a gaban jama'a ba shi ne shiga ba, kuma suna da gaskiya.

Abin da doka ta ce

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a watan Disamba na 2006. Holan ta sa hannu a 2007, amma sai a 2016 ta tabbatar da ita, a makare in aka kwatanta da maƙwabtanta. A wannan shekarar ne aka faɗaɗa dokar ƙasar ta 2003 mai hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta shafi masu sayar da kaya da masu yi wa jama'a hidima, wato har da gidajen tarihi. Daga farkon 2017 kuma aka ɗora musu nauyin su riƙa gyara wurarensu sannu a hankali don kowa ya iya shiga, sai fa in nauyin ya wuce kima. A 2023 an ƙara nakasa cikin dalilan da sashe na 1 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana a nuna wa mutum bambanci a kansu.

Sashe na 30 na yarjejeniyar ya yi wani rarrabewa da ya dace da wannan gida kamar don shi aka rubuta. Da ya zo kan gidajen tarihi, gidajen wasan kwaikwayo, silima da ɗakunan karatu, ya ce masu nakasa su samu shiga, bai sa wani sharaɗi ba. Da ya zo kan gine-ginen tarihi da wuraren da ƙasa ke tinƙaho da su, sai ya ƙara cewa gwargwadon yadda zai yiwu. To gidan Prinsengracht duka biyun ne a ƙarƙashin tikiti ɗaya. Gidan baya gini ne da dokar kare kayan tarihi ta ƙasa ta rufa wa baya, yana kuma cikin yankin mashigan ruwan Amstadam da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2010. Ƙofar shiga, wurin tikiti, zauren baje koli, shago, wurin shan shayi, makewayi, na'urar sauraro da shafin intanet kuwa gidan tarihi ne zalla, babu wani uzuri da ya shafe su.

Abin da nake gani shi ne, uzurin nan na gwargwadon yadda zai yiwu yana da gaskiya a kan ɗakuna biyar ko shida, kuma nan ya tsaya. Haɗarinsa shi ne yakan yi naso. Tsohon gida yakan ce ai mu ba a taɓa mu, sai maganar ta rufe har matakin ƙofar da aka zuba da siminti shekara ashirin da suka wuce, har rubutun bango mai ƙananan haruffa da aka buga bara.

Ai an taɓa gidan

Wani abu da masu kare tsofaffin gine-gine ba su cika son a tuna musu ba: babu gidan tarihin da ya zauna yadda aka same shi. A shekarar farko mutum kusan 9,000 ne suka ziyarci wannan gida. Don ya ɗauki sama da miliyan guda an yi masa aiki ba sau ɗaya ba. An sa gilashi a kan hotunan bango. An buɗe hanyar fita daga saman maɓoyar zuwa gidan gaba, wadda babu ita a 1942, don baƙi su bi hanya ɗaya ba tare da masu hawa da masu sauka sun yi karo ba. An gina sabon ɓangare a gefe wanda Sarauniya Beatrix ta buɗe a 1999, aka sake wani babban gyara wanda Sarki Willem-Alexander ya buɗe a Nuwamba 2018, lokacin da aka mayar da ƙofar shiga Westermarkt.

Ke nan ba gaskiya ba ne a ce bango ba ya fasuwa. Ya fasu don cunkoson masu ƙafa. Wannan bai sa lifta ta zama daidai ba, domin dalilan da na lissafa suna nan: ɓarnarta babba ce, abin da za ta bai wa mai keke kaɗan ne. Amma ya nuna yadda ya kamata a riƙa kafa hujja. Ba da cewa wuri ne mai alfarma ba, a'a, da ma'auni: ga faɗin ƙofa, ga faɗin keke, ga ginshiƙin da za a yanke, ga abin da za a samu. Hujjar alfarma ba ta da ranar sake dubawa. Hujjar ma'auni kuwa tana iya canzawa in injiniyoyi suka zo da sabon abu.

Tabarau a madadin matakala

A watan Yuni na 2018 gidan ya fitar da wata ziyara ta kwamfuta, wadda ake kallo da tabarau na musamman mai sa mutum ya ji kamar yana tsaye a cikin ɗaki, in ya juya kai hoton ya juya da shi. Tana ɗaukar kimanin minti 25. Tun 2010 ma akwai maɓoyar a intanet da za a iya zagayawa ta allon kwamfuta. Mai keke da ya zo gidan yana shiga sabon ɓangare, ya zagaya maɓoyar da wannan tabarau.

Ga abin mamakin. Maɓoyar da ke cikin tabarau ba wayam take ba. An jera mata kaya yadda take tsakanin 1942 da 1944: gadaje, tebur, murhu, tufafi a rataye, littattafai. Wanda ya hau matakala yana ganin ɗakin da aka kwashe, yana cika shi da tunaninsa, yadda Otto ya so. Wanda ya zauna ƙasa yana ganin ɗakin da ake rayuwa a ciki, ya ga yadda gado biyu da ɗan teburin rubutu suka cinye ɗakin Anne har babu wurin juyawa. Ta fuskar sani, na ƙasa ya fi samun bayani. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun farkon shekarun 1960 aka ƙera 'yan ƙananan samfura na ɗakunan da kayansu bisa bayanin Otto, don baƙi su gane yadda wurin yake.

Duk da haka kada a yaudari kai a ce daidai suke. Mutum ba ya tashi daga wata ƙasa ya zo Amstadam don ya samu bayani, bayanin yana cikin wayarsa. Yana zuwa ne don ya tsaya a inda abin ya faru. Tabaran da zai iya sawa a ɗakinsa ba ya ba shi wannan. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne, kuma wannan madadi ya fi kundin hotuna da ake miƙa wa mai keke a bakin ƙofar tsofaffin gidaje da yawa nesa ba kusa ba. Amma madadi ne, kuma darajar gidan ita ce bai kira shi da wani suna ba.

Ba keke kaɗai ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da nakasa mai tasiri a rayuwarsu. Masu keke kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawan waɗanda wannan matakala ke tsorata suna tafiya da ƙafarsu: dattijo mai ciwon gwiwa, mai ciwon zuciya, mai sanda, mai jiri. Hanyar ɗaya ce, babu kujera a ɗakunan, kuma in ka shiga da mutane a bayanka komawa ba sauƙi. Ga irin waɗannan, magana ta gaskiya kafin sayen tikiti ita ce babban taimako. Abin da ya fi amfani shi ne a faɗi yawan matakai, a nuna hotonsu, a faɗi inda za a iya zama da inda za a iya fasawa, mutum ya yanke wa kansa hukunci. Tsarin tikiti mai ƙayyadadden lokaci, wanda aka kawo don a kashe dogon layin da ke zagaye dandalin a da, ya zama rahama ga wanda ba ya iya tsayuwar awa biyu, ko da ba don shi aka yi ba.

Kurma yana hawa ko'ina, amma labarin yana cikin na'urar sauraro mai harsuna 9, don haka ake ba shi a rubuce. Sai dai ga wanda aka haifa kurma, rubutu harshe ne na biyu, maganar hannu ce harshensa. Holan ta amince da maganar hannun ƙasarta a matsayin harshe a hukumance ta dokar da ta fara aiki a 2021.

Makaho kuwa lamarinsa ya juye. Tabarau ba ya yi masa komai. Amma shawarar Otto ta barin ɗakuna wayam ta sa abin da ya rasa bai kai na sauran gidajen tarihi ba, inda komai ke cikin akwatin gilashi. Ƙuncin yana jin sa da jikinsa, ƙarar daɓe da ƙararrawar Westerkerk da Anne ta riƙa ji suna shiga kunnensa kamar na kowa. Abin da ya kuɓuce masa 'yan abubuwan bangon ne. A irin wannan gida abin da ke yi masa aiki shi ne samfurin ginin da zai shafa da hannu kafin ya hau, don ya san fasalin inda zai bi, da bayanin murya da ke siffanta abin da ke bango, ba wanda ke cewa dubi nan ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a nan

Da gidan wani attajiri ne mai tarin kwanukan azurfa, da maganar ta tsaya a kan adalci tsakanin masu sayen tikiti. Wannan gida shaida ne a kan gwamnatin Nazi, wadda ta fara gwada kisan gilla da iskar guba a kan masu nakasa. Dokar Jamus ta Yuli 1933 ta sa an yi wa mutum kimanin 400,000 aikin hana haihuwa da ƙarfi. Daga 1939 aka fara shirin da aka sani da T4, sunan da ya samo daga adireshin ofishinsa a titin Tiergarten mai lamba 4. Zuwa Agustan 1941 an kashe sama da mutum 70,000 a cibiyoyi 6, kuma kisan ya ci gaba ta hanyar yunwa da allura har adadin ya haura 200,000. Ma'aikatan wannan shiri ne aka tura suka tafiyar da sansanonin kisa na Belzec, Treblinka da Sobibor, kuma Sobibor kaɗai an kai Yahudawa kimanin 34,000 daga Holan a 1943. A cikin Holan ɗin ma, daren 21 zuwa 22 ga Janairu 1943, lokacin da iyalin Frank ke wata na bakwai a ɓoye, aka kwashe asibitin masu taɓin hankali na Yahudawa da ke Apeldoorn, majinyata sama da 1,000, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Babu majinyacin da ya dawo.

Wannan ba tuhuma ba ce ga masu kula da gidan, ba su suka gina matakalar ba. Amma yana nufin mai nakasa da ya zo nan ba ɗan kallo ba ne a tarihin wasu. Tarihinsa ne shi ma, kuma abin da aka tanadar masa a ƙasa ya kamata ya kai wannan nauyi.

Inda saura aiki

Akwai wata asara da lissafin mita da santimita ba ya nunawa, ita ce rabuwa. Mutane ba su cika zuwa irin wannan wuri su kaɗai ba. Iyali ne, ko miji da mata, ko ajin makaranta, kuma gidan yana karɓar ɗalibai da yawa. A ɗauki aji mai yara 30, ɗaya a kan keke. A gindin matakala 29 su hau da malaminsu, ɗaya ya koma gefe da wani babba. Bayan awa guda su haɗu, waɗancan suna maganar yadda suka sunkuya a ƙofar kabad, shi yana da labarin gadaje da murhu da su ba su gani ba. Kowa ya ga wani abu, amma ba su ga abu ɗaya tare ba, kuma yaron ya san wanene aka ware.

Wannan tana gyaruwa ba tare da an taɓa katako ko ɗaya ba. Ana iya sa dukan ajin su fara da tabarau tare, a ɗaki ɗaya, kafin masu hawa su hau, yadda abin da yaron ya gani zai zama abin da kowa ya gani. Ana iya ba ɗaya daga cikin masu hawa waya ko ƙaramar kyamara, na ƙasa yana kallo kai tsaye a babban allo, yana cewa tsaya nan, matsa kusa da layukan fensir, juya ka nuna min tagar. Ta haka shi ke jan ragamar ziyarar, kuma ɗakin da yake gani shi ne na gaske, wayam, a wannan minti, da muryar abokinsa a ciki. A gidan da aka hana ɗaukar hoto, wannan yana buƙatar izini na musamman, da ma'aikaci guda da aka horar, da ɗaki mai shiru a sabon ɓangare, da gurbi a jadawalin tikiti inda za a rage yawan masu shiga na ɗan lokaci don mai riƙe da kyamarar ya samu damar tsayawa.